Gardama a Kan Mala'ikan Ubangiji Ta Shiga Tsakanina da Dattijonmu

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin makarantar Lahadi ne, ina kuma taimakawa a zumuntar matasa. Kwanakin baya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki muna karanta Fitowa sura 3, sai na ce Mala'ikan Ubangiji da ya bayyana ga Musa a cikin kurmi mai cin wuta Yesu ne da kansa, kafin a haife shi. Haka aka koya mini, haka nake koya wa yara. Sai wani dattijon ikkilisiya, wanda ya koyar da ni a ajin baftisma, wanda kuma nake ɗauka kamar uba, ya ce a'a, mala'ika ne Allah ya aiko, kuma kiran Yesu mala'ika rage masa daraja ne. A gaban matasan da nake koyarwa ya faɗi haka. Raina ya ɓaci, na ce masa duk wanda ba ya ganin Almasihu a cikin kurmin nan bai yarda Almasihu Allah ne ba. Wuri ya yi tsit. Tun ranar ba mu yi gaisuwar kirki ba, matasa sun rabu biyu, ni kuma na daina zuwa nazarin. Abin da ya fi damuna shi ne na koma na karanta Ayyukan Manzanni sura 7, na ga Istifanas ma mala'ika ya ce, sai zuciyata ta fara rawa. In ba Yesu ba ne, me na daɗe ina koya wa yara? In kuwa shi ne, yaya zan ba da haƙuri a kan gaskiya? Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma me zan yi?

Daga wani malamin makarantar Lahadi

Ɗana, alheri da salama su tabbata a gare ka. Na ji daɗi da ka rubuto tun abin bai gama yin tsami ba. Na kuma ji daɗi da ka buɗe Littafi da kanka, ka bar ayar da ba ta goyi bayanka ba ta dame ka. Ba kowane malami ne yake da wannan gaskiyar zuciya ba.

Abu biyu ne suka sarƙe a wasiƙarka. Akwai tambayar ko wane ne ya yi magana daga cikin kurmin, wadda masu bi suka fi shekara 1,800 suna juyawa ba su rufe ta ba. Akwai kuma kalmar da ka jefi dattijon da ita, wadda za ka iya gyarawa kafin Lahadi mai zuwa. Ka ɗaure su da igiya ɗaya, shi ya sa kake ganin in ka ba da haƙuri ka sayar da gaskiya. Mu kwance su tukuna.

Abin da ka gani a nassi yana nan, ba kai ka ƙaga shi ba. Wurin farko da aka ambaci Mala'ikan Ubangiji shi ne Farawa 16, inda ya sami Hajaratu, baiwa 'yar Masar, ta gudu daga hannun Saratu da ciki, tana bakin wata maɓuɓɓugar ruwa a hanyar Shur. Ka saurari yadda yake magana. A aya ta 10 ya ce shi zai riɓaɓɓanya zuriyarta har ta wuce ƙirge, alkawarin da ba mai iya ɗauka sai Allah. A aya ta 11 kuma ya ce Ubangiji ya ji kukanta, kamar mai ba da labarin wani dabam. Daga baya marubucin ya ce Hajaratu ta raɗa wa Ubangiji wanda ya yi magana da ita suna, ta kira shi Allah mai ganinta. A cikin ayoyi bakwai an ce mala'ika, an ce Ubangiji, ba a tsaya yin bayani ba.

Haka abin yake a surar da kuka yi gardama a kai. Aya ta 2 ta ce Mala'ikan Ubangiji ne ya bayyana cikin harshen wuta. Aya ta 4 ta ce Allah ne ya kira Musa daga tsakiyar kurmin. Aka ce ya tuɓe takalmansa domin wurin tsattsarka ne, muryar ta ce ita ce Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Musa kuwa ya rufe fuskarsa don yana tsoron duban Allah. A kan dutsen ƙasar Moriya, mala'ikan ya tsai da hannun Ibrahim ya ce masa, ba ka hana mini ɗanka ba. A Farawa 31 ya ce wa Yakubu a mafarki shi ne Allah na Betel. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye saboda Madayanawa, mala'ikan ya zo ya zauna a Ofra yana magana da shi, kwatsam a Mahukunta 6:14 sai aka ce Ubangiji ya juyo ya dube shi. Manowa, mahaifin Samson, da ya ga baƙon nasu ya hau sama cikin harshen wutar bagade, cewa ya yi da matarsa lalle za su mutu, gama sun ga Allah.

Wurin da ya fi ratsa ni shi ne Farawa 48:15-16. Yakubu ya tsufa, idonsa ya dushe, ya ɗora hannuwansa a kan Ifraimu da Manassa. Ya kira Allah wanda kakanninsa suka yi tafiya a gabansa, ya kira Allah wanda ya yi kiwonsa dukan ransa, ya kira Mala'ikan da ya fanshe shi daga dukan masifa, sa'an nan ya roƙa ya sa wa yaran albarka, roƙo ɗaya ga mai albarka ɗaya. Tsohon da ya binne gumakan gidansa a Shekem ba zai jera wani halitacce kusa da Allah cikin addu'arsa ta ƙarshe da wasa ba.

Don haka ba abin mamaki ba ne da ubannin ikkilisiya na farko suka karanta waɗannan wurare yadda ka karanta. Jastin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 165, ya rubuta doguwar muhawara da wani Bayahude mai suna Tirifo, yana cewa wanda ya bayyana ga Ibrahim da Yakubu da Musa shi ne Kalman Allah, wanda daga baya ya zama mutum. Iraniyus na Liyon da Tatuliyan na Kartaj sun bi wannan hanya. Hujjarsu ta jingina a kan Yahaya 1:18, cewa ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi. In Uba ba ya ganuwa, mutane kuma sun ce sun ga Allah sun rayu, to, wa suka gani? Ikkilisiyoyin Gabas suna riƙe da wannan fahimta har yau, kuma Yohanna Kalbin, wanda ya rasu a 1564, ya koyar da ita ba ɓoye-ɓoye. Ba ka koya wa yara bidi'a ba. Ka kwantar da hankalinka a kan wannan.

Yanzu ka ba ni kunnenka a kan dattijon, domin a nan ne nake ganin ba ka yi masa adalci ba.

Hausawa na cewa wakilin sarki, sarki ne. A zamanin Littafi Mai Tsarki ma haka aika take: ɗan aike yakan buɗe baki ya yi magana da bakin wanda ya aiko shi. Da Yefta ya aika manzanni wurin sarkin Ammonawa a Mahukunta 11:12, saƙon da suka kai shi ne, me ya haɗa ka da ni da ka zo yaƙi da ƙasata? Ba wanda ya ɗauka manzannin ne suke da ƙasar. A Sabon Alkawari, Matiyu ya ce shugaban sojan Roma na Kafarnahum ya zo wurin Yesu yana roƙonsa saboda bawansa, Luka kuwa ya ce dattawan Yahudawa ya aika, daga baya ya aika abokansa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, gama abin da mutum ya yi ta hannun wakilinsa shi ya yi. Malaman Yahudawa na dā ma suna da ƙa'ida cewa wakilin mutum kamar mutumin ne. In haka ne, mala'ika zai iya cewa ni ne Allah na Ibrahim, ya zama Allah ne yake magana ta bakinsa.

Akwai kuma wuraren da nassi ya raba su sarai. A 2 Sama'ila 24:16, mala'ikan ya miƙa hannu zai hallaka Urushalima, Ubangiji ya ce masa ya isa, ya janye hannunsa, kuma ayar ta kira shi Mala'ikan Ubangiji, yana tsaye a masussukar Arauna. Bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, a Fitowa 33, Allah ya ce zai aiki mala'ika a gaban jama'ar amma shi ba zai tafi a tsakiyarsu ba, jama'a suka yi makoki, Musa ya ƙi tashi sai Allah da kansa ya tafi da su. A Luka sura 1, mala'ikan Ubangiji da ya bayyana ga Zakariya a Haikali ya faɗi sunansa da bakinsa, Jibra'ilu ne. Bulus ya ce ta hannun mala'iku aka ba da Shari'a, a Galatiyawa 3:19, Ibraniyawa 2:2 ma haka ta ce. Wasiƙar Ibraniyawa kuwa ta buɗe da cewa a dā Allah ya yi magana da kakanni ta bakin annabawa, a kwanakin nan na ƙarshe ne ya yi mana magana ta wurin Ɗansa, sa'an nan ta ɗauki sura guda tana nuna nisan da ke tsakanin Ɗan da mala'iku.

Babban malamin da ya tsaya a kan wannan gefe shi ne Agustin na Hippo, a Arewacin Afirka, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Ina so ka san dalilinsa, domin dalilin ne zai nuna maka zuciyar dattijonka. A farkon ƙarni na huɗu wani limami a Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitacce ne, akwai lokacin da babu shi. Majalisar Nikiya, wato babban taron shugabannin ikkilisiya, ta ƙi wannan koyarwa a 325, ta shaida cewa Ɗan haifaffe ne, ba halitacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. Amma gardamar ba ta mutu nan take ba, masu rage darajar Ɗan kuwa suka sami makami a cikin tsohuwar fassarar nan. Suka ce, ai kun gani, Uba ba ya ganuwa, Ɗan kuwa ana aikensa ana ganinsa, ana ma kiransa mala'ika, ashe bai kai Uba ba. Agustin ya amsa a cikin littafinsa na Triniti cewa allahntakar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ɗaya ce, kuma ido bai taɓa ganin ainihinta ba. Abin da kakanni suka gani siffofi ne da Allah ya yi aiki da su ta hidimar mala'iku, bai kuwa kamata mu yi garaje mu ce wane ne cikin ukun ya bayyana a kowane wuri ba. Ya kafa hujja da maganar Istifanas ɗin nan da ta dame ka. Toma Akwinas da yawancin malaman Yamma suka bi shi ƙarnuka masu yawa.

Ka ga inda maganar ta kai mu. Ɗaya daga cikin manyan masu rubutu don kare allahntakar Almasihu a zamaninsa yana gefen dattijonka, kuma don kare ta ne ya tsaya a wurin. Ka tuna abin da dattijon ya ce: kiran Yesu mala'ika rage masa daraja ne. Wanda bai yarda Almasihu Allah ne ba, ina ruwansa da a rage masa daraja? Tsoronsa ma ba na banza ba ne, domin har yau Shaidun Jehobah suna koyar da cewa Yesu shi ne Mika'ilu shugaban mala'iku, halitta ta farko. Dattijon da ya ga matasa suna jin kalmar mala'ika a jikin sunan Yesu, dole gabansa ya faɗi. Kai kana tsaron ɗaukakar Almasihu ta wurin nuna cewa yana nan tun kafin Baitalami, shi yana tsaron ta ta wurin hana a sa shi a layin halittu. Ka zarge shi da ƙin abin da ya tashi tsaye don ya kāre.

Ka tambaye ni wa ke da gaskiya, ba zan kauce ba. A ganina kuskure ne a ɗauki kowane wuri da aka ce mala'ikan Ubangiji a zuba a ma'auni ɗaya. Wanda ya tsaya a masussukar Arauna, da wanda ya mirgine dutsen kabari a Matiyu 28, da wanda ya fitar da Bitrus daga kurkuku, bayin Allah ne halitattu, ban ga dalilin cewa wani abu dabam ba. Amma a kurmin da Musa ya gani a Horeb, da wurin Hajaratu, da addu'ar Yakubu, maganar wakilci ba ta ƙosar da ni. Annabawa ma wakilai ne, amma sukan ce in ji Ubangiji, kuma ba a taɓa cewa wani ya tuɓe takalmi don Ishaya ya iso ba. Kwatanta Mahukunta 6:8, inda annabi ya fara da cewa ga abin da Ubangiji ya ce kafin ya ce na fito da ku daga Masar, da Mahukunta 2:1, inda mala'ikan ya faɗi kusan magana ɗaya ba tare da wannan gabatarwa ba. Mala'ikan da Yahaya ya fāɗi a gabansa a Wahayi 19:10 da 22:9 ya hana shi da sauri, ya ce shi abokin bauta ne, a yi wa Allah sujada. Shugaban rundunar Ubangiji da Joshuwa ya gamu da shi kusa da Yariko bai ɗaga shi daga ƙasa ba, sai ma ya ce ya tuɓe takalmansa. Ga kuma Fitowa 23:21, inda Allah ya ce sunansa yana cikin mala'ikan da zai aika. Saboda waɗannan na gaskata Allah da kansa ne yake wurin, kuma zuciyata ta fi karkata ga cewa Ɗan ne, tun da shi ne mai bayyana Uba. Wato a kan kurmin ina kusa da kai.

Amma ina riƙe da wannan a matsayin fahimta mai ƙarfi, ban mai da ita sharaɗin ceto ba, kuma ga dalilina. Babu aya ko ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce Yesu shi ne Mala'ikan Ubangiji. Manzanni ba su ji nauyin ganin Almasihu a Tsohon Alkawari ba: Bulus ya ce Dutsen da ya bi Isra'ilawa a jeji Almasihu ne, Yahaya ya ce ɗaukakarsa ce Ishaya ya gani. Duk da haka wannan magana ɗaya ba su furta ta ba. Dubi Istifanas. Yana tsaye a gaban majalisar Yahudawa, ransa a hannu, burinsa ya nuna musu Almasihu, ya kuma iso daidai kan labarin kurmin. Da ya so, nan ne wurin da zai ce wannan da ya yi magana da Musa shi kuka gicciye. Bai faɗa ba. Sai dai ya kwatanta Yesu da Musa, mai ceton da 'yan'uwansa suka ƙi, annabi kamarsa da aka yi alkawari. Abin da manzanni suka bari a buɗe, ni da kai ba mu da ikon mu mai da shi ƙofar shiga ikkilisiya.

Ko nassin ma kamar yana jan labule da gangan. Yakubu ya tambayi wanda ya yi kokawa da shi a Feniyel sunansa, ba a faɗa masa ba, albarka aka sa masa. Annabi Yusha'u kuma da ya tuna wannan dare, a sura 12, ya ce da Allah ya yi kokawa, ya kuma ce da mala'ika. Manowa ya tambayi suna, aka ce masa sunan ya fi ƙarfin ganewarsa. Zakariya 1:12 kuwa, inda Mala'ikan Ubangiji yake roƙon Ubangiji Mai Runduna saboda Urushalima bayan shekara 70 na fushi, kowane gefe yana jan ta: wannan ya ce ga shaida ba Allah ba ne tun da yana roƙo, wancan ya ce ga Matsakanci yana yi mana roƙo kamar yadda Ɗan yake yi.

Game da rawar da zuciyarka take yi, ka sake karanta Ayyukan Manzanni 7 daga aya ta 30 zuwa 33, kada ka tsaya a ta 30. Istifanas ya ce mala'ika ya bayyana, nan take kuma ya ce muryar Ubangiji ta zo, Ubangiji ne ya ce a tuɓe takalma. Bai zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba, yadda Fitowa ta ajiye su haka ya ɗauko su. Ubangiji Yesu ma da ya ambaci wannan wuri ga Sadukiyawa a Markus 12:26, cewa ya yi Allah ne ya yi magana da Musa. Ba wanda ya ƙwace maka Allah daga cikin kurmin. Ko Agustin bai ce Allah ba ya nan ba, yadda ya bayyana ne ake tattaunawa.

Ina kuma roƙonka ka duba inda ka kafa ƙafarka. Abin da ya sa aya ɗaya ta girgiza ka haka shi ne ka ɗora allahntakar Almasihu a kan wannan fassara, kamar in ta fāɗi shi ma ya fāɗi. Ba a nan aka kafa ta ba. An kafa ta a kan Yahaya sura 1, cewa Kalman yana nan tun fil'azal, Allah ne, ta wurinsa aka yi kome, ya kuwa zama mutum. An kafa ta a kan Kolosiyawa 1:16, cewa ta gare shi aka halicci abubuwan da ake gani da waɗanda ba a gani, har da kursiyai da masu mulki; a kan Ibraniyawa 1:6, inda aka umarci dukan mala'ikun Allah su yi masa sujada; a kan Toma da ya ga tabon ƙusoshi ya ce Ubangijina da Allahna. Ko da gobe ka gamsu cewa dattijon ne ya fi ka fahimtar Fitowa 3, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba za ta motsa ba. Iyakar da ba a ƙetarewa biyu ce: kada a ce Almasihu halitaccen mala'ika ne, kada kuma a yi wa mala'ika sujada, kamar yadda Kolosiyawa 2:18 ta gargaɗe mu. Kai da dattijon duk kuna cikin wannan iyaka.

To, ga abin da za ka yi. Ka je wurinsa kai kaɗai, cikin makon nan, kada ka aika saƙo ta waya, kada ka ɗauki ɗan rakiya. Bulus ya gaya wa Timoti, wanda shi ma matashi ne mai koyarwa, kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Ubangiji kuma ya ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Kai mai tsayawa gaban yara ne kowace Lahadi, wannan umarni ya shafe ka kai tsaye. In ka je, ka ambaci laifin da sunansa. Ka ce, Baba, na ce ba ka yarda Almasihu Allah ne ba, wannan ba gaskiya ba ne, a bakinka na koyi cewa shi Allah ne, ka gafarce ni. Kada ka ce in na ɓata maka rai, kada kuma ka liƙa amma a wutsiyar maganar. Ba a ce ka janye fahimtarka a kan kurmin ba. In ya tambaye ka, ka faɗa masa cikin ladabi cewa har yanzu haka kake gani, kana kuma so ya nuna maka nasa ayoyin wata rana. A ranar dai kada ka buɗe muhawara.

Magana zarar bunu ce, taka kuwa a gaban jama'a ta fita, don haka a gaban jama'a za ka gyara. Ka koma nazarin. A zama na farko ka nemi izini ka faɗa a taƙaice cewa abin da ka ce game da bangaskiyar dattijon kuskure ne, ka kuma nemi gafararsa. Na san wannan zai yi maka nauyi fiye da zuwa gidansa. Amma matasan nan da suka rabu biyu, a kanka suka rabu, wasunsu kuma sun tafi gida da tunanin cewa dattijon ikkilisiyarsu mai musun Almasihu ne. Ba mai iya cire musu wannan sai kai.

Ban manta da naka ciwon ba. Gyara malami a gaban ɗalibansa yana da zafi, kuma da ya jawo ka gefe kamar yadda Bilkisu da Akila suka yi wa Afolos a Afisa, da ya fi kyau. Sai dai wurin nazari wurin tambaya da amsa ne, mai yiwuwa bai ga kansa yana kunyata ka ba. In abin yana ci maka rai bayan kun shirya, ka gaya masa a wani zama dabam, ka roƙe shi in ya ga gyara a koyarwarka nan gaba ya kira ka ku biyu. Kada ka mai da wannan sharaɗin ba da haƙurinka. In kuma ka je ya karɓe ka da sanyi, kada ka yi zuciya. Ka ci gaba da gaishe shi, ka ba shi lokaci, in abin ya daɗe ka sa fasto a ciki.

Faston ma ya kamata ya san abin da ya faru tun yanzu, daga bakinka. Ka tambaye shi ko ikkilisiyarku tana da matsayin da ta rubuta a kan wannan batu. In akwai, shi za ka bi a aji. Ka kuma roƙe shi ya keɓe zama ɗaya a shimfiɗa wa matasa fahimtar biyu da ayoyinsu. In an ba ka dama a wannan zama, ka fara da bayyana hujjar dattijon da kyau, yadda shi da kansa zai ji ya ce haka nake nufi, kafin ka kawo taka.

Yara kuwa, ka koya musu abin da surar ta faɗa a jere: Mala'ikan Ubangiji ya bayyana, Allah ya yi magana, Musa ya rufe fuskarsa, Allah ya ce ya ga wahalar mutanensa ya kuwa sauko don ya cece su. In wani yaro mai kaifin hankali ya tambaye ka ko Yesu ne, ka ce masa masu bi da yawa tun zamanin dā sun gaskata haka, kai ma haka kake gani, wasu masu bi na ƙwarai kuma sun ce mala'ika ne Allah ya yi magana ta bakinsa. Sa'an nan ka tabbatar ya fita daga ajin ya san cewa Yesu ba ɗaya daga cikin mala'iku ba ne, shi ya halicce su. Manyan ajin, waɗanda suka iya karatu da kyau, ka ba su Fitowa 3 da Ayyukan Manzanni 7 da Ibraniyawa 1 su karanta a gida, su dawo da tambayoyinsu.